Allon Ranaku a Kicin ɗin Jarwal

Kwanana goma sha ɗaya a Makka aka miƙo mini iƙama, katin da ke nuna an yarda mutum ya zauna ya yi aiki a ƙasar. Na juya shi gaba da baya. Hotona ne, sunana ne, Sanusi, amma layin da aka rubuta sana'a ban gane shi ba. Haɗa baƙin Larabci na iya tun ina yaro, ma'anar ce ba ni da ita. Sai na kai wa Isiyaku, wani mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Ya duba, ya ɗago kai ya dube ni.

"Me aka ce maka za ka zo yi?"

Na ce, "Kuku. Shekarata goma sha huɗu ina dafa abincin biki a Malumfashi."

Ya ce, "To nan leburan tsafta aka rubuta. Wanke-wanke za ka yi, ɗan'uwa."

Na fita tsakar gida na kira dillalin da ya shirya mini tafiyar. Ya ɗauka, ya ji muryata, ya ce ba ya ji sosai, zai kira. Har yau da nake wannan rubutu bai kira ba.

Masaukin ma'aikata a unguwar Hindawiyya yake, ɗaki ɗaya mu shida, gado bisa gado. Kullum da safe mota ta kwashe mu ta kai mu otal a unguwar Jarwal, inda in ka tsaya bakin titi kana hango hasumiyoyin Harami. Amma mu ba bakin titi muke tsayawa ba. Kicin ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, babu ko taga. Kiran sallar Harami ta lasifikar bango muke jinsa, kowa ya shimfiɗa kwali a bayan firiji ya yi sallarsa cikin sauri ya koma. Mutanen garinmu suna kirana suna cewa, "Kai ka dace, kullum ga ka ga Ka'aba, ka sa mu a addu'a." Sai in ce to. Kunya ba ta barina in gaya musu sai in yi mako uku ban shiga masallacin ba.

Wurin wanke-wanke mu biyu ne. Abokin aikina Bangali ne, wato mutumin Bangladesh, dattijo mai gemu jajur da lalle, sunansa Karim. Tukwanen otal ba irin na gida ba ne, akwai wadda sai ka sunkuya ka shiga har kafaɗa kafin ka kai gindinta. Cikin mako biyu ruwan zafi da sabulu suka tsattsage mini hannu, har jini yana tsattsafowa tsakanin yatsu. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya Karim ya kama hannuna ya juya shi, ya girgiza kai, ya ciro safar roba daga aljihu da wata 'yar kwalbar man kwakwa ya danƙa mini. Lokacin ba mu da yaren da za mu yi magana. Ya dai nuna nasa hannun, duk tabo, ya yi dariya. Daga baya muka koyi ɗan Larabcin kicin, wanda ba shi da nahawu ko kaɗan amma kowa yana gane kowa, da shi muka riƙa hira.

Kewar gida ta fi kama ni da yamma, in mota ta sauke mu. A wani lungu kusa da masaukinmu akwai wata tsohuwa mai sayar da waina da kunu, Goggo Indo, wadda ta zo aikin Hajji tun tana da ƙuruciya ba ta koma ba. Ranar farko da na gaishe ta, ta ce, "Wannan harshe na Katsina ne. Zauna, ɗana." Ta zuba mini kunun tsamiya ta ƙi karɓar komai. Na kurɓa, ƙamshin ya kai ni har zauren gidanmu, sai na juya fuska bango don kar ta ga idona.

Wata biyu da zuwana matata Hauwa'u ta kira ni da rana, abin da ba ta saba ba. Na laɓe bayan tukwane na ɗauka.

Ta ce, "Malam, na je asibiti."

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce a hankali, "Lafiya lau. An ce wata huɗu ne."

Shekararmu tara da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na kife bokiti na zauna a kai. Karim ya zo yana tambaya da hannu ko mutuwa aka yi. Na zana masa ciki a iska. Ya rungume ni da jiƙaƙƙen hannunsa yana ta faɗin Alhamdulillahi.

Kafin in zo Makka na ɗauka tunda duk wanda ke garin Musulmi ne, shi ke nan an zama ɗaya. A kicin na gane alƙibla ɗaya ba ta hana mutane zama ƙungiya-ƙungiya. Misirawa su ne a kan wuta, su ke girki. Mutanen Indunusiya, waɗanda a Makka ake ce wa Jawa, su ke yanke-yanke da shirya faranti. Bangali da 'yan Pakistan da mu Hausawa biyu, ni da Isiyaku, mu ke wanki da shara da ɗauke-ɗauke. Lokacin cin abinci kowa da kusurwarsa. Kowane ɓangare yana ganin ɗaya ɓangaren ragwaye ne masu neman dalilin gudun aiki.

Shugaban kicin Bamisire ne, Mu'allim Magdi, ƙato mai murya kamar ganga. Girki kam ya iya, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Amma in ka je masa da maganar hutu, amsarsa ɗaya ce: "Mafi," wato babu. "Nan aiki ne kullum." Akwai wani dattijon Jawa, Pak Yusuf, mutum mai sanyin hali. Mahaifiyarsa ta rasu, bai samu tafiya ba. Da kwana arba'in ya zagayo ya nemi a ba shi rabin yini ya dafa abinci ya tara 'yan ƙasarsu su yi mata addu'a. Magdi ya ce, "Ka yi mata addu'a kana yanka albasa, Allah yana ji." Pak Yusuf ya koma kan albasarsa. Tun daga ranar ya daina yi wa kowa murmushi. In faɗi gaskiya, ni ma a lokacin ban ji abin a raina ba. Cewa na yi a zuciyata, kowa ya zo da al'adar garinsu ai aikin ba zai yiwu ba. Ban san tawa tana tafe ba.

A farkon Sha'aban Hauwa'u ta haihu, mace. Yayana Lawal ne ya kira ya gaya mini, ina jin guɗar mata a bayansa. Na ce a sa mata sunan mahaifiyarmu, Hadiza. Aka tsayar da suna ranar bakwai kamar yadda aka saba, da sassafe a ƙofar gida. Makka tana gaban gida da awa biyu, wato lokacin da liman zai raɗa suna, mu nan ƙarfe tara ne na safe, daidai lokacin da farantan karin kumallo ke saukowa kamar ruwan sama.

Tun da sauran kwana uku na je wurin Magdi. Na ce, "Mu'allim, awa ɗaya nake roƙo. 'Yata ta fari, bayan shekara tara. Za a sa mata suna, ina so in gani ta waya."

Bai ko ajiye ludayi ba. Ya ce, "Ka faɗa musu sunan yanzu, minti ɗaya ya isa. Ranar akwai ayarin masu Umara da za su sauka. Mafi."

Na koma wurin tukwane. Karim ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ci gaba da gogar tukunya na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ranar ka hau matakalar baya ka yi wayarka. Ni zan wanke."

Na ce, "Kai kaɗai? Kuma in ya gani fa?"

Ya ce, "Yarana mata huɗu, Sanusi. Biyu a hoto na fara ganinsu. Ka hau matakala."

Ranar suna na zo da goro da dabino a leda, Goggo Indo ce ta haɗa mini, ta ce ba a suna hannu sake ko a ƙarshen duniya ne. Tara saura kaɗan na zame na hau matakalar baya, inda kiran bidiyo ke kamawa. Yaya Lawal ya ɗaga wayarsa sama ya juya mini ita. Ga tabarmi a ƙofar gidanmu, ga dattawan unguwa, ga ragon ɗaure jikin darbejiya. Na ga abokaina na yarinta, kowa yana ɗago mini hannu. Liman ya yi addu'a, aka shafa, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya, "An samu Hadizatu! Allah ya raya!" Na shafa fatiha ni kaɗai a kan matakala, hawaye yana bin gemuna. Sannan aka shiga da wayar cikin gida, Inna ta ɗago mini jaririyar, ta ce, "Ga takwarata. Ummi za mu riƙa ce mata." Hauwa'u tana gefe cikin sabon zane, tana ta murmushi.

Na sauko da ledar goro a hannu, zuciyata fes. Ina tura ƙofar kicin na ga Magdi tsaye a kan Karim, farantai sun taru har ƙasa, Karim ya jiƙe sharkaf da gumi. Magdi ya juyo ya nuna ni da yatsa, ya nuna Karim, ya ce, "Ku biyu, ofis, bayan azahar."

A lokacin Isiyaku ya raɗa mini abin da ban sani ba. Karim yana da takardar gargaɗi biyu a kansa tun kafin in zo. In aka ba shi ta uku, sallama ce, jirgi zai hau. Goron nan ban iya raba shi ba. Na tsaya gaban famfo ina wanki ina tunanin 'ya'ya mata huɗu a wani ƙauye da ban san sunansa ba, waɗanda zan zama sanadin komawar ubansu hannu rabbana.

Mai kula da ma'aikata sunansa Ustaz Fahad. Ban taɓa shiga ofishinsa ba sai ranar. Matashi ne cikin farar jallabiya, baƙi kamar ni. Magdi ya zayyana laifinmu da Larabci, Fahad yana saurare, takardu biyu a gabansa da biro. Da ya gama, Fahad ya duba iƙamata, ya dube ni, sai na ji ya ce da Hausa, "Kai Bahaushe ne?"

Na kusa faɗuwa daga kujera. Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Hausata shuwayya ce, kaɗan-kaɗan, ta kakata ce. Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja. Yalla, gaya mini, ina ka je?"

Na gaya masa komai, rabi Hausa rabi Larabcin kicin. Na ce laifi nawa ne, in za a kori wani ni za a kora, Karim taimakona ya yi. Fahad ya juya ya fassara wa Magdi, ya ce bikin kwana bakwai ne na haihuwa. Sai na ga fuskar Magdi ta canja.

Ya ce, "Subu'i? Ai mu ma muna yi a Masar." Sannan ya ɗaga murya kamar mai jin haushin kansa. "Yarana uku, ban ga subu'in ko ɗaya ba, ina nan gaban wuta. Mutuwa na yi?"

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na ce, "Ba ka mutu ba, Mu'allim. Amma ka ji daɗi?"

Magdi ya kawar da kai yana kallon bango.

Fahad ya ce, "Malam Sanusi, na ji. Amma ina da baƙi a bene goma sha biyu, kowa yana jiran abinci a kan lokaci. In kowane ma'aikaci yana da ranarsa, wa zai dafa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba rana ɗaya muke so ba. Ranar da nake kuka a kanta, a wurin Karim rana ce kamar kowace. Tasa kuma ni ban ma san da ita ba. A ba ni izini in tambayi kowa ranar da ta dame shi, in nemo wanda zai tsaya masa, mu rubuta a bango kowa ya gani tun da wuri. Otal ba zai rasa ko awa ɗaya ba."

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya kife takardun biyu, bai yaga su ba, ya sa a aljihun tebur. Ya ce, "Daga yau zuwa Ƙaramar Salla. In abinci ya yi latti sau ɗaya saboda wannan tsari, zan sa hannu a kan duka biyun. Kuma ba na son biki a cikin otal, lokaci kawai za a ba mutum. Ka yarda?"

Na dubi Karim, don wuyansa ne a ciki fiye da nawa. Na bayyana masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bismillah."

Na ɗauka da na buɗe baki mutane za su yi ta kawo ranakunsu. Ina! Kwana uku ina zagayawa da littafi, babu wanda ya ce uffan. Wasu suka ce Magdi ne ya turo ni in gano masu son gudun aiki. Wani Bamisire ya ce tun yaushe mai wanke tukunya ya zama mudir, wato manaja. Sai na canja dabara. Na ɗauki goron sunan nan da dabinon, na bi kowace kusurwa lokacin cin abinci, na zauna a ƙasa tare da su, na nuna musu hoton Ummi. Jawa ba su san goro ba, wani ya gutsura ya yamutsa fuska, aka fashe da dariya. Daga hoton jaririya sai kowa ya ciro wayarsa yana nuna nasa. A nan magana ta fara fitowa.

Karim ya ce shi ranar sha biyar ga Sha'aban yake so. A garinsu ana azumi, ana ziyarar maƙabarta, mahaifiyarsa tana raba alawa ga maƙwabta, kuma tana jiran kiransa. Shekara shida bai samu ya kira ta a ranar cikin natsuwa ba. Pak Yusuf shi ne na ƙarshe. Na same shi yana fere karas, na tambaye shi. Bai ɗago ba ya ce, "Arba'in ta wuce." Na tsaya ban tafi ba. Can ya ce, "Amma mu muna da kwana ɗari. Saura kwana tara."

Aka kafa farin allo kusa da ƙofar ɗakin cin abinci. Layi uku ne: suna, rana, da wanda zai tsaya. Da yamma a ɗaki Isiyaku ya tare ni.

Ya ce, "Sanusi, ka san abin da kake yi kuwa? Kwana ɗari, rabin Sha'aban, malamanmu da yawa ba su yarda da waɗannan ba. Kai ne kuma kake rubuta su da hannunka."

Na ce, "Ni ba malami ba ne, Isiyaku, ba a ce in yanke hukunci ba. Mutum uwarsa ta mutu bai ga gawarta ba, yana so ya zauna ya yi mata addu'a. Ni abin da na rubuta shi ne wa zai fere masa karas."

Bai ce ya yarda ba. Amma da safe na ga sunansa a layi na uku, gaban na Pak Yusuf. Na tambaye shi, ya ce, "Ba zan je zaman ba. Karas dai zan iya."

Ranar Karim ni na riƙe tukwane ni kaɗai daga safe har la'asar, bayana kamar zai karye, amma ko cokali bai yi latti ba. Ranar kwana ɗarin kuwa, Pak Yusuf ya dafa wata shinkafa ruwan ɗorawa a masauki, washegari ya kawo wa kowa a 'yar leda, har Magdi. Magdi ya karɓa, can na gan shi yana ci a tsaye yana lumshe ido, irin na mai neman gane kayan haɗi.

Azumi ya kama, aiki ya ninka. A nan allo ya nuna amfaninsa. Da hantsi aiki yana raguwa, sai muka tsara kullum mutum biyu su tafi Umara, wasu biyu su tsaya musu. Akwai wanda ya shekara takwas a otal ɗin bai taɓa yin Umarar azumi ba, alhali tafiyar ƙafa ce. Ni da Karim rana ɗaya muka je. Muna ɗawafi yana riƙe da gefen haramina don kar cunkoso ya raba mu, yana kuka yana addu'a da yarensu, ni ina yi da nawa.

Sau ɗaya muka kusa faɗuwa. Wani ɗan Pakistan da ya kamata ya tsaya wa mai yankan nama ya kwana da zazzaɓi, ba wanda ya sani sai da la'asar ta gabato, ga buɗa-baki yana matsowa, ga nama ko taɓa shi ba a yi ba. Na saki tukwane na ɗauki wuƙa. Pak Yusuf ya zo, Isiyaku ya zo, wani Bamisire da bai taɓa gaishe ni ba ya zo ya tsaya kusa da ni. Magdi yana ta ihu yana duba agogo, sai ya tsaya yana kallon hannuna. Ya ce, "Kai, ina ka koyi yanka haka?" Na ce, "Ai ni kuku ne tun a gida, Mu'allim." Abinci ya hau sama ana saura 'yan mintuna a kira salla.

Bayan kwana biyu wani ayari daga Nijeriya ya sauka, tsofaffi ne mafi yawansu, farantansu suna dawowa ba a taɓa ba. Magdi ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Mutanenka me suke ci?" Na je wurin Goggo Indo na samo kuka da daddawa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya, na dama kunu. Farantan suka dawo kamar an wanke su. Ustaz Fahad da kansa ya sauko kicin ya ce a zuba masa a kwano zai kai wa kakarsa.

Abin da kowa ke tsoro shi ne Salla, don a nan ake ganin kowa zai so rana ɗaya. Magdi ya ce mini, "A nan allonka zai karye." Na sake zagayawa da littafina, sai ga abin mamaki. Misirawa safiya suke so, su yi idi a Harami su kira gida. Mu Hausawa sai wajen azahar ɗin Makka ake saukowa daga idi a gida a zauna, don haka rana muke so. Jawa suka ce su awa ɗaya ta ishe su bayan idi. Bangali da 'yan Pakistan kuwa suka ce a wannan shekara ma da wuya a ga wata a ƙasarsu tare da Saudiyya, Sallarsu ta gida sai washegari, su a bar musu rana ta biyu. Na rubuta a allo, na ja da baya na duba. Babu awa ɗaya da kicin zai zama babu hannu. Na kira Magdi. Ya karanta daga sama har ƙasa sau biyu, ya ce, "Subhanallah," ya ɗauki alƙalamin allo ya rubuta sunansa a layin safiya.

Ranar Salla da hantsi Jawa suka dawo daga idi cikin rigunansu masu zane-zane. Ashe awar da suka nema ba ta hutu ba ce. Al'adarsu ce a ranar su bi mutane ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara. Pak Yusuf ne a gaba. Ya zo wurina ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce in yafe masa abin da ya yi mini a fili da a ɓoye. Ya bi kowa. Magdi ya shigo ke nan daga Harami da sabuwar jallabiya, Pak Yusuf ya nufe shi ya kama hannunsa ya sunkuyar da kai. Magdi ya tsaya sororo. Sai ya fizge hannunsa ya rungume dattijon, ya ce da wannan babbar muryar tasa, "Ni zan nemi gafararka, ya Hajji. Allah ya jiƙan mahaifiyarka." Ranar abincin Salla ya hau sama kafin lokaci.

Washegari Bangali suka tafi masauki yin tasu Sallar. Karim ya leƙo da safe cikin doguwar farar riga, gemu ya sha sabon lalle, ya ajiye mini kwanon wata taliya mai zaƙi da madara, ya tafi yana sauri don mahaifiyarsa tana jiran kiransa. Na ɗaura gyauton roba na shiga tukwane, nawa da nasa.

Wajen azahar na ji ana kiran sunana. Ustaz Fahad ne tsaye a bakin wurin wanki, yana ɗage jallabiya don kar ta jiƙe, Magdi a bayansa riƙe da farar hular kuku. Fahad ya ce takardun gargaɗin nan ya yaga su tun jiya. Ya ce mai otal ya ga tsarin, ya ba da umarni a kafa irin allon a ɓangaren masu gyaran ɗakuna da masu wankin kaya, kuma duk sabon ma'aikaci a tambaye shi ranakunsa tun ranar da ya fara. Sannan ya yi murmushi ya ce da Hausarsa ta kaka, "Kai kuma, halas, shi ke nan, wanke-wanke ya ƙare. An fara gyaran iƙamarka. Kakata ta ce in ban ba ka wuta ba kar in dawo mata gida."

Magdi ya miƙo hular ya ce, "Yalla, wanke hannu ka zo."

Na dubi hular, na dubi tukwanen da ke jere har bakin ƙofa. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Na gode, Mu'allim. Amma yau sunana ne a gaban na Karim har zuwa la'asar. A ajiye mini ita zuwa gobe."

Magdi ya bushe da dariya har yana dukan cinya. Ya ɗora mini hular a ka da ƙarfi, ta sauko har gira, ya ce, "To ka wanke da ita."

Haka na ƙarasa yinin, kafaɗa cikin tukunya, farar hula a kai, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi mini barka da yarensu.